Wasiƙa daga Michigan: kujerar jirgin ruwa da ta ruɓe

Assalamu alaikum ƴan uwa na gida, musamman masu sana'ar kushin da masu jiragen ruwa na inji a Yauri da Kainji da sauran bakin ruwa, da fatan kowa na lafiya ya iyali ya kasuwa.

Ina aiki ne a wani shagon gyaran kujerun jirgi kusa da tafkin St. Clair, wanda ke tsakanin jihar Michigan ta Amurka da Kanada, ba nisa da Detroit. A nan daga wajen Nuwamba ake fitar da jirage daga ruwa saboda ƙanƙara, a rufe su sai Afrilu ko Mayu, kuma da an buɗe sai kaga ana ta kawo mana kujeru, leda a sama kamar sabuwa amma kana juya ta ka danna sukundireba a katakon sai ya nutse, ya yi baƙi, ana ɓare shi da hannu, ga warin funfuna. Abin yana damuna wallahi don yawanci kuɗi ne mutum ya zuba masu yawa kuma ɓarnar da za a iya kauce mata ce.

Ba ruwan tafkin ne ya fi kashe kujera ba, ruwan sama ne da raɓa da jiƙaƙƙun kayan mutanen da ke zama a kai. Ruwa yana bi ta ramin allura a wajen ɗinki, ya shiga soso, soson gama gari kuwa irin na katifa yana riƙe ruwa ya ƙi saki, ledar sama ta hana shi fita, filawud ɗin ƙasa yana ta sha har watanni. Katako in danshin jikinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba ƙwayoyin ruɓa ba sa iya cin sa, in ya wuce haka sosai ga ɗumi to sun samu gida. Kuma duk yadda ka kai ga iya ɗinki sai ruwa ya shiga, shi ya sa aikinmu duka a kan hanyar fitarsa yake.

In za ka sake kujera kar ka yi gaggawar yaga tsohuwar leda, ka cire fin ɗin da aka maƙale ta da su a jikin katako ɗaya bayan ɗaya, ka farke ɗinkin a hankali ka rubuta lamba a bayan kowane yanki, su ne za ka ɗora a kan sabuwa ka yanka. Tsohon katakon ma ko ya ragargaje ka lallaɓa shi ka zana siffarsa da inda ramukan noti suke kafin ka yar.

Katako shi ne inda nake so ku tsaya sosai. Akwai filawud na jirgi da ake bugawa lambar BS 1088, da yawansa da icen okume na ƙasar Gabon ake yi, gam ɗinsa ba ya saki a ruwa, amma dan Allah kar wani ya ce maka ba ya ruɓewa, yana ruɓewa in an bar shi tsirara. Sai an shafe shi da ifoksi, wato wani gam mai ruwa-ruwa da ke daskarewa ya hana ruwa shiga, gaba da baya shafi biyu ko uku, gefen da aka yanka kuma a ƙara masa fiye da ko'ina domin ta nan yake zuƙar ruwa kamar rake. A nan mun fi amfani da ifoksin West System, na wani kamfani a Bay City cikin jihar nan. Duk ramin da ka huda ma gefe ne sabo, to ka huda shi ya ɗan fi girma, ka cika da ifoksi, ya bushe, ka sake huda daidai girman notin, ta haka noti ba ya taɓa ice ko kaɗan. Mai kuɗi kuma sai ya bar ice gaba ɗaya ya sa allon roba irin King StarBoard ko na PVC, wannan ba ruwansa da ruɓa, sai dai StarBoard yana da nauyi kuma gam ba ya kama shi, kuma in ba a sa masa madogara a ƙasa ba yana lanƙwashewa.

Sai ramukan iska. Ka huda ramuka da dama a allon ƙasa, har da wajen da ya fi gangara inda ruwa zai taru, ka rufe ƙasan da yadi mai raga maimakon leda. Huda ramukan nan ba ya cin ko sisi kuma ni a ganina ya fi duk wani kaya mai tsada amfani. In aka zauna iska ta fita, in aka tashi sabuwa ta shiga.

Soso iri uku ne. Na gama gari mai shan ruwa, sai mai manyan ƙofofi da in ka zuba masa ruwa yake wucewa ta ƙasa nan take, shi ya dace da kujerar da ke fili amma fa sai da ramukan nan in ba haka ba ruwan a kan katako zai kwanta, sai mai rufaffun ƙofofi wanda ba ya shan ruwa sam har yana yawo a kan ruwa, amma yana da tauri. In na gama gari kawai ake samu a kasuwarku to a naɗe samansa da gefensa da siririyar leda kafin a sa riga, a bar ƙasan a buɗe.

Fin kuma dole sitenles ne ko monel, wani ƙarfe da shi ma ba ya tsatsa, na ƙarfe zalla cikin damina ɗaya zai yi tsatsa ya karye leda ta saki. Zare a sa na foliyesta mai jure rana, na auduga ruɓewa yake, na nailan rana ke cinye shi. Akwai Tenara wanda rana ba ta yi masa komai sai dai tsada.

Wani abu da nake yawan gani shi ne tabo ruwan hoda a farar leda, mutane su yi ta gogewa da bilic. Wata ƙwayar cuta ce da ke rayuwa cikin danshi take fitar da launin ya ratso ledar daga ciki, gogewa ba ta fitar da shi, bilic ɗin kuma yana cin zare yana busar da leda har ta tsage. Sabulu mara ƙarfi da ruwa da burushi mai laushi sun isa wankin yau da kullum.

Rufe jirgi kuma, mutum zai ɗaure tamfol kam ko'ina yana ganin ya kyauta, rana ta buga danshin ciki ya tashi, dare ya yi ya koma ruwa ya ɗiga kan kujeru. Ko ledar da ake naɗe jirage da ita a nan lokacin sanyi sai an sa mata kafofin iska. Ku kafa sanda a tsakiya tamfol ya yi tudu ruwa ya gangara, ku bar gaba da baya iska na wucewa, ku jingine kushin a tsaye ko ku kai su ɗaki, a buɗe akwatunan ƙarƙashin kujera, kar a bar jiƙaƙƙiyar igiya ko rigar ceto a ciki. In jirgin yana kan tudu a ɗaga gabansa a cire toshiyar baya ruwa ya tsiyaye, amma a tuna a mayar da ita kafin a koma ruwa, wannan maganar rai ce.

Kuma in kun ga kujera ta ruɓe ku taka daɓen jirgin ku ji ko yana lotsawa, ku ƙwanƙwasa allon baya inda inji ke rataye, don sau da yawa ruwan da ya ci kujera ya riga ya kai can, kuma allon da ke riƙe da inji ba abin wasa ba ne da fasinja a ciki. Ku duba kafin damina ta kankama dan Allah.

A gaida mutan gida duka, Allah ya tsare ku a kan ruwa ya sa albarka a sana'a.

Naku, daga Michigan.