Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo Baba ranar Talata, kuma da ƙafarsa ya shigo gida.

Tun da ruwan damina ya shiga shagonsa ya lalata dilolin atamfa, galibinsu na bashi, Baba ya daina barci. Ƙarfe 3 na dare sai ka ji takun silifas ɗinsa a tsakar gida, yana kai da komo. Tuwo yadda aka kai masa haka ake ɗauko shi. In an tambaya ya ce ba komai, mu kuma muka ɗauka dauriya ce irin ta manya. Wannan sakacin har yau yana ci mini rai.

Ranar da ya ce ƙeyarsa na sara, yana gani dishi-dishi, maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta ɗaura masa na'urar awo: 190 bisa 120. Na mai lafiya bai cika wuce 120 bisa 80 ba, daga 140 bisa 90 kuwa an shiga hawan jini. Ko zama ba ta yi ba ta ce a nemo mota. Anti, Allah ya saka miki da Aljanna.

Muna gode wa likitan da ya ja kujera ya tambayi Baba abin da ke hana shi barci. Shi ya fahimtar da mu cewa ciwon ya daɗe a jikinsa ba a sani ba, damuwa ce ta ingiza shi. In hankali ya tashi, jiki na sakin sinadarai irin su adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke. Ga rashin barci a kai, ina jinin zai sauka? Da an ƙara jinkiri, ana tsoron shanyewar ɓarin jiki.

Kawu, kai ka bi masu bashi ɗaya bayan ɗaya har suka ɗaga masa ƙafa. A daren da ka kawo labarin Baba ya yi barci har da minshari, Umma tana zaune tana hawaye. Ba mu da bakin gode maka. Haka liman da abokan majalisarsa da ba su bar shi shi kaɗai ba ko yini guda.

Yanzu yana shan maganinsa kullum da safe, an ce ko ya ji garau kada ya daina. Umma ta rage gishiri da dunƙule a miya.

Roƙonmu ga masu zuwa dubiya: don Allah a bar zancen shago tukuna. Allah ya bar zumunci.