Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Karatun Zauren Goggo

Makon jiya na tsaya inda muka dawo Zariya bayan rasuwar Baba. Kafin in ci gaba, akwai maganar da ta tsaya min a rai. A wurin suna na ji 'yar Baffa tana gaya wa mata wai ita ce ta haɗa mu karatu a gidan Goggo. Na yi shiru don kada a ce na ɓata taro, amma masu rai a cikinmu sun san yadda aka yi.

Dogon hutun 1992 ne, da damina. Ni na je gidan malamarmu ta Hausa na roƙe ta aron littattafai, ta ɗauro min su a ɗankwali, da sharaɗin kada ruwa ya taɓa su. Ni kuma na bi gida-gida a Tudun Wada ina kiran ƙawayena. Muna haɗuwa ran Alhamis da Juma'a bayan la'asar, tunda ba makarantar allo. Doka ɗaya muka kafa: sai littafin da ɗan ƙasarmu ya rubuta da harshenmu. A makaranta in ka yi Hausa tara ake cinka, shi ya sa muke jin zauren nan namu ne.

Da littattafan farko-farko muka soma, waɗanda suka fito daga gasar rubuta labaran Hausa da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933, aka buga su a 1934. Malama ta ce mu riƙa tunawa a garin nan namu aka yi wannan aiki, kuma Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, a nan ya yi aikin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939. Na ji kaina ya yi girma. Kullum muna wuce Kamfanin Gaskiya, ban taɓa kawo wa raina cewa abin da ya fito daga can ya shafe ni ba.

Baffa kuwa duk sanda ya ratsa zauren sai ya dube mu ya ce, "Takarda ba ta tuƙa tuwo." Ba ya ƙara komai a kai. Har yau ina jin muryarsa.

Goggo ba ta iya boko ba, ajami take karantawa. Da farko tana zama a bakin ƙofa ne tana ɓarar gyaɗa, wai tana gadinmu. Ranar da muka shiga Shaihu Umar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, zauren ya yi duhu, muka kunna fitilar ƙwai tun kafin magariba. Ni ke karantawa. Da na kai inda uwar ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta da aka sace, sai na lura ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya. Goggo ta ture faifan gefe, tana share ido da gefen zane. Ta ce, "Ke 'yar nan, maimaita min wurin nan." Na maimaita. Sannan ta gaya mana abin da ko Inna ba ta taɓa ji ba, cewa kakarta ma a hari aka kamo ta tana yarinya, ta mutu ba ta sake ganin garinsu ba. Da muka ce mata Firayim Minista Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta littafin, ta daɗe tana salati. Ta ce ta tuna lokacin da aka kashe shi, a 1966, cikin azumi, ba ta san ya bar irin wannan a baya ba.

Shekaru da yawa bayan haka, da na fara koyarwa, albashina ne ya riƙa sayen maganin Baffa har Allah Ya karɓi abinsa. Ban taɓa tuna masa ba, kuma na yafe masa. Amma ina so 'ya'yansa su sani, takardar nan ta tuƙa tuwo a gidansu.

Rigima ta taso ne da muka koma kan sababbin littattafan Kano. Waɗannan malama ba ta da su, sai muka riƙa haɗa kuɗi muna karɓo haya. Muka ɗauko Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata aure. A cikinmu akwai biyu da an riga an karɓi kuɗin gaisuwarsu. Ranar ba wadda ta yi dariya. Muka yi ta musu har aka kira salla, wata na cewa biyayya ce, wata na cewa zalunci ne, ɗaya daga cikin biyun nan kuwa ba ta ce uffan ba.

Ita wannan mai cewa ita ta haɗa mu, ita ce ta kai wa ubanta rahoto. Washegari Baffa ya shigo, ya fizge littafin daga hannuna, ya cusa a aljihun babbar rigarsa, ya ce an tara 'ya'yan mutane ana koya musu rashin kunya. Ya sake faɗin maganar tuwonsa. Littafin da bai karanta ko shafi ɗaya a ciki ba.

Goggo yayarsa ce. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Zauren nan ubanmu ya bar mana, ni da kai. In ya dame ka, ɗakina nawa ne." Ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗin daddawarta na je na biya mai haya. Daga ranar muka koma ɗakinta, mu cika gado da tabarma, har hutu ya ƙare.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, cikin makonnin nan Baffa ya riga ya yi magana da wani abokin kasuwancinsa a kaina. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.