Abin da aikin sintiri ya koya mini game da 'yan fashin teku

Abu na farko da nake sa sabon jami'i ya yi idan ya shigo ɗakin sa ido shi ne lissafi. Kwale-kwalen 'yan fashi mai injin baya guda biyu yana gudun mil 25 a sa'a, wani ma ya fi haka, kuma mil na teku nake nufi, mai mita 1,852. Radar jirgin 'yan kasuwa ba ta cika kama irin wannan kwale-kwale ba sai ya matso mil huɗu ko biyar, domin jikinsa na faiba ne ko katako, ga shi yana kwance ƙasa-ƙasa cikin igiyar ruwa. Idan jirgin a tsaye yake, mil biyar minti 12 ne a wurinsu. Mu kuwa, idan jirginmu na sintiri yana mil 50 daga wurin, sa'a biyu cur muke buƙata, in ma injin na kunne kuma teku ta kwanta. Wanda ya fahimci wannan tazarar ya fahimci aikin rundunar tsaron gaɓar teku. Ba kasafai muke isa ana tsakiyar fashi ba. Yawancin abin da muke yi da ke da tasiri, kafin harin muke yin sa ko bayansa.

Saboda haka rahoto ne ya fi damuna fiye da bindiga. Kowane babban jirgi yana da maɓallin ƙararrawar sirri, aƙalla a wuri biyu, ɗaya a ɗakin tuƙi. Idan aka danna shi ba ya ƙara a cikin jirgi, kuma ba ya kiran jiragen da ke kusa. Saƙon yana tafiya ta tauraron ɗan adam zuwa ga kamfanin da ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta. Jami'in tsaron kamfani, wanda wataƙila yana wata nahiya yana barci, sai ya kira jirgin ya tabbatar ba kuskure ba ne, sannan ya nemi lambarmu. A nan mintoci masu tsada suke zubewa. Shi ya sa muke roƙon kyaftin-kyaftin su danna maɓallin, kuma nan take su yi kira a tasha ta 16 ta rediyon VHF, su faɗi sunan jirgi, wurinsa, alkiblarsa da gudunsa, yawan kwale-kwale da mutanen cikinsu, da ko an ga makami. Cibiyar karɓar rahoton fashi ta IMB da ke Kuwala Lumfur, wadda aka buɗe a 1992, tana aiki dare da rana, kuma tana tura mana saƙo da sauri, amma kiran kai tsaye ya fi komai.

Akwai fashin da ba a kawo rahotonsa sam, kuma na san dalili. Kyaftin yana tsoron a tsare jirginsa kwanaki ana bincike, mai kaya yana jira, kuɗin inshora na iya tashi. Idan abin da aka sace gwangwanayen fenti ne da igiya, sai ya yi shiru ya wuce. Mun lura cewa idan muka aika jami'ai biyu suka hau jirgin, suka ɗauki bayani da hotuna cikin 'yan sa'o'i, ba tare da sun hana shi tafiya ba, rahotanni suna ƙaruwa. Hukumar da ke wahalar da wanda aka yi wa fashi, ita ke makantar da kanta.

Daga rahotannin nan muke zana taswira: wuri, sa'a, hasken wata, cikar ruwa ko janyewarsa, irin jirgi, tsayin gefensa daga ruwa. Bayan 'yan watanni sai tsarin ya fito fili, kuma kowane ruwa da irin ɓarayinsa. A mashigin Singafo yawanci mutane ƙalilan ne ke hawa cikin dare ta bayan jirgin dakon kaya mai tafiya a hankali, su nufi ɗakin injin su kwashi kayan gyara, su sauka kafin a farga. A wurin da jirage ke jefa anga, ta sarƙar anga suke hawa, ko su jefa ƙugiya da igiya. A gaɓar Somaliya, inda IMB ta ƙirga hare-hare 237 a 2011, jirgin da mutanensa gaba ɗaya ake kamawa a kai bakin gaɓa a jira kuɗin fansa. A mashigin tekun Gini kuwa mutane ake so: cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duniya a 2020, 130 a can aka ɗauke su. Akwai kuma masu satar mai, waɗanda ke kama tanka, su kashe na'urorin sadarwa, su juye man cikin wani jirgi. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Ɓarawon wurin jefa anga, ƙaramin kwale-kwalen sintiri mai fitila da ke zagayawa a lokutan da ba a iya hasashe ya ishe shi. Mai garkuwa da ke aiki mil 100 ko 200 daga gaɓa, sai da babban jirgi mai iya kwanaki a teku, da jirgin sama ko jirgi mai saukar ungulu.

Kuskuren da hukumomi suka fi yi shi ne sintiri mai jadawali. Idan jirginmu yana fita ƙarfe shida ya dawo ƙarfe goma sha biyu kullum, cikin mako guda duk wanda ke bakin ruwa ya haddace. Muna sauya lokaci, wani dare mu kashe na'urar AIS ta jirginmu, wadda ke sanar da sauran jirage sunan jirgi da wurinsa, mu tsaya cikin duhu, wani dare mu haskaka ko'ina don a gan mu. Muna kuma tara jiragen da ke jiran shiga tasha wuri ɗaya da aka keɓe, domin tsaron wuri ɗaya ya fi sauƙi. AIS ɗin kanta, wadda doka ta wajabta wa jiragen da suka kai tan 300 masu tafiya tsakanin ƙasashe, tana da amfani ta wata fuska: abin da rada ta nuna amma AIS ba ta nuna ba, shi muke fara tambaya. Haka tankar da alamarta ta ɓace kwatsam, ko jirage biyu da suka manne da juna tsakiyar teku cikin dare.

Jirgin 'yan kasuwa ma yana saya mana lokaci. Wayar reza a gefe, mesar ruwa mai ƙarfi, kulle ƙofofi daga ciki, rufe ramin sarƙar anga, ƙarin masu gadi da idanu, da ƙara gudu. Littafin shawarwarin da kamfanonin jirage da rundunoni suka fitar ya nuna cewa jirgin da ke gudun mil 18 a sa'a, ko wanda gefensa ya haura mita 8 daga ruwa, hawansa na da matuƙar wuya. Tanka cike da kaya ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun, don haka ita muke fara rakiya.

Sai maganar iyaka, wadda ke ba mu wahala fiye da yadda mutane ke zato. A dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, fashin da kowace ƙasa ke da ikon kama masu yin sa shi ne wanda aka yi a wajen ruwan kowace ƙasa, daga wani jirgi zuwa wani, don amfanin kai. Abin da ya faru cikin mil 12 daga gaɓa, ƙasar da ke da ruwan ce kaɗai ke da hurumi. Sashe na 111 ya ba mu damar bin mai laifi daga ruwanmu zuwa waje, muddin mun ba shi umarnin tsayawa daga inda zai gani ko ya ji, kuma ba mu katse bin ba. Da zarar ya shiga ruwan wata ƙasa, dole mu tsaya. 'Yan fashi sun san wannan layi kamar yadda muka san shi. A mashigi mai ƙunci, minti goma sun ishe su tsallakawa. Abin da ya yi aiki shi ne layin waya kai tsaye tsakanin ɗakunan sa ido na maƙwabta, ta yadda jirginsu zai tare ta gaba tun muna bi ta baya. Kan wannan aka gina sintirin haɗin gwiwa na Indonesiya da Malesiya da Singafo a mashigin Malaka tun 2004, da yarjejeniyar ReCAAP ta yaƙi da fashin teku a yankin Asiya da ta fara aiki a 2006, da ta Jibuti ta 2009, da ta Yawunde ta 2013. Takarda kaɗai ba ta wadatar ba. Idan jami'an dare na ƙasashen biyu ba su taɓa yin atisaye tare ba, ba su san muryar juna ba, wayar ba ta ɗaguwa da sauri.

Wurin da na fi jan kunnen matasa shi ne lokacin tunkarar kwale-kwalen da ake zargi. Cikin dare, masunci da ɗan fashi kamanninsu ɗaya a rada. Masunci ma kan nufo babban jirgi da gudu don ya kore shi daga kan komarsa. Abin da ke bambanta su shi ne dogon tsani mai ƙugiya, jarkokin mai da suka wuce buƙatar kamun kifi, injin da ya fi ƙarfin kwale-kwalen, mutane da yawa ba koma ba ƙanƙara. Makami shi kaɗai ba hujja ba ne, domin a wasu ruwaye masunta na riƙe shi don kare kansu. Muna tunkara ta baya daga gefe, ba ma shiga tsakanin bindigar jirginmu da wanda muke nufa, kuma muna bin mataki-mataki: kira a rediyo, lasifika, fitila da jiniya, sannan harbin gargaɗi ta gaban jirgi, sannan injin, kuma ba a harbin mutum sai don kare rai. Kotun dokar teku ta duniya ta jaddada wannan a shari'ar jirgin Saiga a 1999. Abin da ya faru a gaɓar Kerala a 2012, inda sojojin Italiya masu gadin tankar Enrica Lexie suka harbe masunta biyu 'yan Indiya, ya isa darasi. Bayan asarar rai, masunta su ne idanunmu a teku, kuma ranar da aka kashe ɗayansu bisa kuskure an rufe wannan ƙofa shekaru.

Idan 'yan fashi sun riga sun hau, tambaya ɗaya ke yanke komai: ma'aikatan suna ina? Idan duk sun shiga ɗakin mafaka, wato ɗaki mai ƙarfi a cikin jirgin da suke kulle kansu a ciki, mun ƙirga su ta waya ɗaya bayan ɗaya, to duk wanda muka tarar a waje abokin gaba ne, kuma za mu iya hawa. Idan mutum ɗaya ya rage a waje, lissafi ya sauya, sai mu koma bin jirgin daga nesa da tattaunawa. Ɗakin mafaka mai kyau yana da ƙofar ƙarfe, wayar tauraron ɗan adam mai eriya a ɓoye da batirinta, ruwa da abinci na kwana uku, da hanyar sarrafa injin ko kashe shi. Amma yana da iyaka. A watan Janairun 2021 an fasa na jirgin Mozart a mashigin tekun Gini bayan sa'o'i ana aiki a kan ƙofar, aka kashe mutum ɗaya aka tafi da 15. Ɗakin lokaci kawai yake saya, kuma lokacin ba shi da amfani idan babu mai zuwa. Bayan mun hau, ɗakin tuƙi da ɗakin injin muke fara kamawa, sannan mu bincika jirgin ɗaki-ɗaki, ba ma buɗe wa ma'aikata sai an gama. Kalmar sirri da aka amince da ita ta hannun kamfani ce ke sa su buɗe, domin 'yan fashi ma kan yi shelar cewa su ne masu ceto.

Jirgin da aka sace kan sauya suna. Alondra Rainbow da aka sace a 1999 ya koma Mega Rama kafin rundunar tsaron gaɓar Indiya da sojojin ruwanta su kama shi, Orkim Harmony kuma a 2015 an shafe wasu haruffa ya koma Kim Harmon. Saboda haka ba fenti muke dubawa ba. Lambar IMO, wato lambar shaidar jirgi ta dindindin da ke jikin ƙarfe, siffar jirgin, da sawun tsoffin haruffa da aka yi wa walda su muke kwatantawa da hoton da kamfani ya turo.

Kamawa rabin aiki ne. Da sun hango mu suke zubar da bindigogi da tsani da wayoyi cikin ruwa, kafin mu isa sun zama masunta. Don haka kyamara ke fara aiki tun daga nesa, da lokaci da wuri a jikin hoton, kuma muna adana bayanan rada da muryoyin rediyo. Muna neman kyaftin ya adana bayanan na'urar da ke naɗar tafiyar jirgi nan take, domin sabo yana goge tsoho. Kada a wanke jini, kada a share kwanson harsashi, kada a taɓa ƙofar da aka fasa. Kowane abu jakarsa daban da lamba, da sunan wanda ya ɗauka da wanda ya karɓa. Na'urar GPS ta hannu da aka samu a kwale-kwale tana da daraja ƙwarai, domin tana nuna inda suka taso. Ana raba waɗanda aka kama tun farko, a rubuta wurin zaman kowa da abin da ke hannunsa. Shaidu kuma matuƙa ne da za su watse ƙasashe daban-daban cikin mako guda, saboda haka a ɗauki bayaninsu da tafinta kafin jirgi ya tashi, a karɓi hanyar samunsu don ba da shaida ta bidiyo.

Ana kuma rasa shari'a saboda jinkiri. A 2014 kotun kare haƙƙin ɗan adam ta Turai ta umarci Faransa ta biya wasu 'yan Somaliya diyya, domin bayan an kai su ƙasar ba a gabatar da su gaban alƙali nan da nan ba. Wani lokacin ma dokar ce babu: shekaru da dama ana kama mutane a gaɓar Somaliya a sake su saboda ba ƙasar da za ta gurfanar da su, Najeriya kuma sai a 2019 ta yi doka ta musamman kan fashin teku. Mukan kira mai gabatar da ƙara tun muna kan ruwa, ya gaya mana abin da zai buƙata a kotu.

Waɗanda muke kamawa a kwale-kwale galibi 'yan aike ne. Akwai wanda ya sayi injin da mai, akwai wanda ya ba da labarin kayan da jirgi ya ɗauko da lokacin tashinsa, sau da yawa daga cikin tasha, akwai mai sayen man sata ko kayan gyara. Lambobin da ke cikin wayoyin da aka kama, lambar jikin injin, da wurin da GPS ta nuna, muna miƙa su ga 'yan sanda da kwastan da masu bin sawun kuɗi a ranar da muka sauka, kafin labarin kamun ya isa gaɓa a kwashe kaya a sauya layuka.