Ciwon da ake kira gulma a Kottakkal

Mun sauka a filin jirgin Kalikut, jihar Kerala a kudancin Indiya, ƙarshen watan Yuli, damina ta kankama. Zuwa Kottakkal tafiyar kamar rabin awa ce a mota, ta cikin itatuwan kwakwa da masallatai, don mutanen gundumar Malappuram galibi Musulmi ne. Garin ya yi suna ne da Arya Vaidya Sala, gidan maganin Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, da P. S. Varier ya kafa a 1902.

A wani ƙaramin ɗakin magani na ji mai maganin ya danna cikin wani dattijo, ya ce yana da "gulma". Saura kaɗan dariya ta kuɓuce mini. Ashe a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, kalmar na nufin cunkoson ƙananan itatuwa, kuma ita ce sunan ƙullutun da ke tasowa a ciki.

Yadda Charaka Samhita, tsohon littafin Ayurveda, ya tsara, uwar ciwon ita ce vata, wato iskar jiki. Wanda zazzaɓi ko gudawa suka ramar, ya dinga cin busasshen abinci, yana shan ruwan sanyi, yana riƙe fitsari, bayan gida ko tusa, to ya harzuƙa iskar. Hanji ya bushe, hanya ta toshe, sai ta dunƙule a ɗayan wurare 5: wajen zuciya, cibiya, mara, ko kwiɓin dama ko na hagu.

Ciwon iri 5 ne, wajen rarrabewa nan gwanintar take. Ƙullutun iska zalla yawo yake, yau babba gobe ƙarami, ya fi ciwo in abinci ya gama narkewa, ya lafa in an ci. In pitta, zafin jiki, ta shiga saboda yaji, tsami, giya ko fushi, akwai ƙuna da ƙishirwa, ba ya son a taɓa. Na kapha, wato majina, daga maiƙo da barcin rana yake, ga tauri ga nauyi, ba ya gusawa. Na huɗu ya haɗa ukun, shi masu maganin suka fi tsoro.

Na biyar mata kaɗai yake kamawa: jini ne iskar ta tare a mahaifa, sau da yawa bayan haihuwa ko ɓari. Haila ta ɗauke, ciki ya taso kamar juna biyu, har littafin ya ce a dakata da magani sai wata 10 ya wuce. Nan kam ban bi su ba, tunda hoton asibiti zai raba gardama cikin minti kaɗan. Dattijon nan ma, kafin a ba shi man shanu mai magani, takardar hoton ciki aka fara rubuta masa.