Wata 22 muna duba hannu, ashe ciwon yana ƙeya

Ni na ji ƙaurin kafin ita ta san ta ƙone. Da sassafe ne, na dawo daga masallaci, uwar yara tana zaune gaban tanda a zaure kamar kullum, tana zuba ƙullu tana juya masa, yara sun yi layi da kwanoninsu. Gefen hannunta na dama yana jingine da bakin tanda, fata tana toyewa, ita kuwa tana lissafin canji da wata yarinya. Na fizge hannun na ce, "Ke ba ki ji ba ne?" Ta dubi wurin, ta dube ni, ta ce, "Malam, wallahi ban ji komai ba."

Abin da ya faɗo mini a rai nan take shi ne kuturta. Ban furta ba, ita ma ba ta furta ba, amma kowannenmu ya san abin da ɗayan yake tunani. Duk ɗan Bauchi ya san abin da ake nufi idan aka ce an ga wane yana zuwa Bayara karɓar magani. Na tuna babbar 'yarmu da aka fara zancen aurenta, na tuna masu sayen masa da za su watse ranar da maganar ta fita. Sai na ce ta ɗaure wurin, kada kowa ya ji, ko Inna kada ta ji. Ni na yanke wannan shawara, ba ita ba. Daga ranar zuwa ranar da likita na gaske ya taɓa hannun nan, wata 22 ne cur. Na ƙirga su ya fi sau ɗari.

A cikin watannin nan ba zama muka yi ba, kuma wannan ne ya ruɗe ni, don ina ganin kamar ina ƙoƙari. Mun je wurin wani mai magani a ƙauye ta hanyar Dass, aka haɗo mu da na jiƙo da na shafawa da na hayaƙi. Wanzami ya zo gida da daddare ya yi mata ƙaho a kafaɗu, ya tsaga, jini ya fito, ko motsi ba ta yi ba, har yana yaba mata jarumta. Ina tsaye a wurin. Da na yi tunani, wannan kaɗai ya isa ya nuna mini abin ya wuce tafin hannu, ya hau har kafaɗa. Addu'a da rubutu ban yi nadamarsu ba, har gobe muna yi. Abin da nake nadama shi ne na laɓe a bayansu don kada in je inda za a kira sunan ciwon a gabana.

Akwai kuma ciwon kai, wanda ko sau ɗaya ban haɗa shi da hannun ba. Tun tana amarya take da shi. Idan ta yi tari, ko atishawa, ko ta ɗaga bokitin ruwa, ko dariya ta ƙwace mata, sai ta dafe ƙeya ta runtse ido, bayan ɗan lokaci kaɗan ya sake ta. Mun ɗora wa hayaƙin itace laifi. Farasitamol a kemis, shi ke nan.

Yayanta ne ya tona mu. A wurin wani suna ya ga ludayi ya suɓuce mata sau biyu, ya kama hannun ya ga naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zurma ya zama rami, ga tabon ƙuna sabo da tsoho. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, tun yaushe?" Na faɗa masa. Bai zage ni ba, ya dai yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce gobe da safe zai zo da mota.

Ma'aikacin lafiyar da ya fara duba ta a asibiti ya bi jikinta yana neman tabo mai haske, ya lalubi jijiyar gwiwar hannu ko ta yi kauri, aka ɗauki ɗan samfur a kunne. Babu kuturta. Ya ƙara da wata magana da ta fi komai yi mini zafi: ko da ita ce, maganinta kyauta ne, wata 6 ko wata 12 ake sha a warke. Wato abin da na yi kusan shekara biyu ina gudu, ba shi ba ne, kuma ko shi ne, ba abin gudu ba ne.

Daga nan aka tura mu babban asibiti. Likitan jijiyoyi ya ce ta rufe ido. Ya shafa mata auduga a bayan hannu, ta ce ta ji. Ya soka tsinin allura a wurin, ta ce ta ji an taɓa ta, amma babu zafi. Ya kawo kwalabe biyu, ɗaya ruwan ɗumi ɗaya ruwan sanyi, ta kasa bambancewa tun daga yatsu har kafaɗu da saman baya, kamar wadda ta yafa mayafi, duk inda mayafin ya rufe ba ya jin zafi ko sanyi. Sai ya yi tambayar da babu wanda ya taɓa yi: "Hajiya, idan kika yi tari, kanki yana sarawa ta baya?" Muka kalli juna.

Ya rubuta hoton MRI na kai da wuya, wato hoton cikin jiki da wata na'ura mai maganaɗisu take ɗauka. A nan ma zan faɗa wa duk mai irin wannan matsala: hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna wannan ciwo. Ni na taɓa kai ta wani ɗakin hoto a ɓoye aka ɗauki wuyan, aka ce ƙashi lafiya lau, na dawo gida da murna. Ƙashin kam lafiya yake, abin da ke cikinsa ne ba lafiya, kuma MRI ne ke ganin laka. A cire 'yan kunne da warwaro da duk wani ƙarfe, a shirya wa ƙarar na'urar da kwanciya ba motsi na kusan rabin awa ko fiye. A kuma karɓi faifan hoton, ba takardar sakamako kaɗai ba, don likitan tiyata da idonsa yake son gani.

Shi likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ne ya zaunar da mu ya nuna mana a kwamfuta. A gindin ƙoƙon kai akwai wata ƙofa da laka take bi ta sauka cikin ƙashin baya. Ta wannan ƙofa ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka yake kai da komo, jiki yana samar da kusan rabin lita nasa kullum. A wurin uwar yara, ɗakin da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta baya take zaune ya yi mata kaɗan, sai gindinta ya zurmo cikin ƙofar ya toshe ta kamar murfin kwalba. Ya ce idan zurmawar ta kai milimita 5 ake fara kiran abin da sunansa, Chiari, sunan likitan ƙasar Ostiriya da ya bayyana shi a 1891. Tari ko atishawa suna tura ruwan da ƙarfi, ya tarar da ƙofa a toshe, shi ne sarawar ƙeya. Shekara da shekaru ana haka, sai ruwa ya taru a tsakiyar lakar kanta ya yi kogo, wanda suke kira siringomayeliya. Na ga kogon da idona, dogo, daga wuya har ya gangara saman baya. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi da sanyi a tsakiyar laka suke tsallakawa, su kogon yake fara ci, na jin taɓawa kuwa ta baya suke bi. Shi ya sa take jin auduga amma ba ta jin wuta.

Na ce, "Likita, idan an yi aikin hannun zai dawo?" Bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce, "Malam, aikin don mu tsayar da ɓarnar ne. Ciwon kan muna sa ran zai tafi. Naman hannun da ya riga ya zube, kada ka sa rai sosai." Sai na yi tambayar da na san amsarta, na ce da mun zo tun ranar ƙunar farko fa? Ya ce a lokacin ƙarfin hannun yana nan, ko ba haka ba? Na ce yana nan. Bai ƙara komai ba. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce. Ni tawa a ƙeyar matata na gan ta, a hoto.

Maganar kuɗi da jini da jiran layi ba zan ja ta ba, duk wanda ya yi jinya ya sani. Filin da na gada ya tafi, ƙannena biyu suka ba da jini, na sa hannu a takardar da aka karanta mini haɗarinta ɗaya bayan ɗaya. An aske mata ƙeya, aka kwantar da ita rubda-ciki, aka tsaga daga ƙeya zuwa saman wuya. Sun cire ɗan ƙashi a gindin ƙoƙon kai da bayan ƙashin wuya na farko, suka buɗe fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa suka yi mata faci don ɗakin ya ƙara faɗi, ruwa ya sami hanya. Kogon kansa ba su taɓa shi ba. Wannan ya ba ni mamaki, har na tambaya ko an manta ne. Aka ce idan hanya ta buɗe, shi da kansa yake motsewa a hankali.

Kwanakin farko wuyan ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta iya juya kai, ga amai. An ja mana kunne a kan abu uku bayan sallama: ruwa garai-garai yana tsatsowa daga ɗinki, zazzaɓi, ko wuya ya sanƙare. Ko ɗaya aka gani, a dawo a daren, kada a jira safiya, don hanyar sanƙarau ce. Kullum sai na duba matashin kanta da fitila. Allah Ya tsare, ba mu ga ko ɗaya ba.

Wajen sati na uku ta yi atishawa muna zaune a tsakar gida. Hannunta ya tafi ƙeya don sabo, sai ta tsaya, ta sauke shi a hankali, ta ce, "Malam, bai sara ba." Ta fashe da kuka. Shekara ashirin da wani abu tana tsoron atishawa, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Hoton da aka sake bayan wata shida ya nuna kogon ya tsuke sosai. Tuntuɓen da ta fara yi ya daina, hannun hagu da ya fara bin sawu ya tsaya inda yake, tana iya komai da shi. Na dama ne dai. Muna zuwa gashin ƙashi, tana matsa ƙwallon roba safe da yamma, yatsun sun ɗan saki, amma ramin nan yana nan, ba ta iya ɓalla maɓalli, ba ta iya tsinke zogale da shi. Idan na ga tana juya cokali zuwa hagu, wata 22 ɗin nan ne suke dawo mini. Na roƙe ta gafara, ta ce ita ma ai ta ji tsoron, ba ni kaɗai ba. Amma ita ta ce mu je asibiti tun a wata na biyu, ni na ce mu ƙara haƙuri.

Tanda yanzu tana hannun 'yarmu ta biyu, uwar tana zaune nesa da wuta tana ɗanɗana ƙullu tana karɓar kuɗi. Ruwan wanka da ƙafa take gwada shi, ko a kira yaro ya taɓa. Jin zafi bai dawo ba, don haka kowane dare bayan isha'i nakan kama hannuwan biyu in juya su a gaban fitila, tsakanin yatsu, gefen tafi, gwiwar hannu. Shekaranjiya na sami ƙaramin bororo a ɗan yatsanta, ta yi ta tunani kafin ta tuna ta ɗauke murfin tukunyar shayi.