Talata a ɗakin yara: ƙirgen numfashi

Talata da dare. Hazo ya rufe gari tun safe, ɗakin yara kuwa tari ko ta ina. Ɗaliban jinya sun zagaya da mu yau, kusan kowannensu na'urar yatsa mai auna oksijin a jini ya fara lalube kafin ya kalli yaron. Ido da agogo ne farko.

A ɗaga riga, a ƙirga numfashi minti ɗaya cur, yaro yana jikin uwarsa, ba ya kuka. Ƙirgen daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu yana yaudara, domin jariri kan ja numfashi, ya ɗan tsaya, ya ci gaba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri in ya kai 60 ga wanda bai cika wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5. Zazzaɓi ma yana ƙara saurin, don haka a sake ƙirgawa in jiki ya yi sanyi.

Inda aka fi kuskure shi ne faɗawar ƙirji. Ƙasan haƙarƙari ake kallo lokacin da yaro ke jan iska ciki: na mai lafiya yana tasowa, na mai wahala yana lotsawa. In sai yana kuka ko shan nono ake gani, ba ita ba ce. A duba ƙofofin hanci ko suna buɗewa, a saurari nishi a ƙarshen kowane numfashi, a lura ko kai yana gyaɗawa tare da shi.

Shuɗin da ƙarancin oksijin ke jawowa ba ya saurin nunawa a fatarmu. Harshe, dasashi da cikin leɓe ake dubawa, kuma mai ƙarancin jini bayan zazzaɓin cizon sauro zai iya galabaita bai yi shuɗin ba.

Sannan na'ura. Ƙasa da kashi 90, a sa oksijin ta hanci: rabin lita zuwa 1 a minti ga sabon haihuwa, 1 zuwa 2 ga ɗan ƙasa da shekara. Yatsa mai sanyi, motsi ko baƙin lalle suna ɓata lambar. A ɗumama hannun ko a koma babban yatsan ƙafa.

Da la'asar wata uwa ta ce, “Malama, ya samu sauƙi, hakin ya ragu, ya yi barci.” Yaron gajiya ya yi. Mai asma da ƙirjinsa ya yi tsit, ga shi da wuyar tashi, iska ce ta daina shiga. Aka ƙara oksijin, aka kira likita nan take.