Mai Gyaran Famfo Daban, Mai Aikin Gas Daban

Ƙannena masu shirin tarewa, da waɗanda suka tare bana, ku matso in ba ku labarin wautar da na tafka a ƙarshen 2019, wata huɗu da aurena, a wani gidan haya a Kaduna.

Cikin kayan ɗakin amarya akwai murhun gas mai kai huɗu haɗe da abin gashi, na gwanjo, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Kicin ɗinmu kuwa ɗan tsukuku ne, taga ɗaya, ga firji a ciki. Sai na yanke shawarar a ajiye tukunyar gas a waje, a huda bango a jawo layi zuwa murhu. Har gobe ina kan wannan ra'ayi, tukunya a waje ta fi aminci. Inda na ɓata rawata da tsalle shi ne wanda na ɗora wa aikin.

Ƙanin wani abokina ne, mai aikin famfo. Shi ya gyara mana banɗaki kafin biki, aiki ya yi kyau, bai kuma tsawwala ba. Na tambaye shi ko ya san wani mai aikin gas, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai bututu bututu ne. Wanda ya iya na ruwa, na iska ne zai gagare shi?" Maganar ta shige ni. Biki ya yashe mini aljihu, ga shi kuma ɗan gida.

Da yamma ya zo da koren tiyo, irin na ba fulawa ruwa. Ya huda bango, ya zura shi haka nan tsirara yana gugar siminti. Tiyon bai kai ba, sai ya ƙara wani, ya haɗa su da guntun ƙarfe, ya ɗaure da waya, ya naɗe da farin salatif ɗin famfo. Mahaɗar ta faɗa daidai bayan kantar kwanuka, inda ido ba ya kaiwa. Da ya gama ya buɗe tukunya, ya kyasta ashana, ya bi mahaɗar da ita. Ba abin da ya kama. Ya ce, "Ka gani ko, Yaya?" Na ce madalla.

Wallahi a lokacin gabana ya faɗi. Na san ba a neman yoyon gas da wuta, ko yaro ya san wannan. Amma sai na yi shiru, don kada a je a ce wa abokina na raina aikin ƙaninsa. Mutane kan ɗauka son araha ne ke jefa mu cikin irin wannan. Da shi a ciki, amma ni abin da ya fi cuta ta kunya ce. Mun tashi a kan cewa ba a titsiye na gida, ba a tambayarsa a ina ya koya, ba a ce masa sake. Wannan ɗabi'a tana da kyau a wurin cin tuwo. A kan abin da zai iya tashi da gida da mutanen cikinsa ba ta da wuri.

Alamu kuwa sun yi ta zuwa, ni ne ban karanta ba. Wutar murhun ja take ci, tana lilo, gindin tukwanen amarya sababbi fil ya koma baƙi ƙirin kamar a murhun itace ake girki. Ta riƙa kukan ciwon kai duk ran da ta daɗe a kicin, na ce hayaƙin mai ne. Tukunya mai kilo 12.5, mu biyu kacal, ba ta rufa mana sati uku. Na fara da zargin mai sayar da gas, har ya ɗora tukunyar a sikeli a gabana, ya nuna mini nauyin tukunyar da aka buga a jikinta, ya ce in yi lissafi da kaina. Lissafi ya fita daidai. Sai na juya kan baiwar Allah, na ce ita ke barin wuta tana ci tana danna waya. Ranar ba a yi kwanan daɗi ba.

Wata asuba cikin sanyin Disamba, an rufe ko'ina ruf saboda hunturu, na fito zan yi alwala. Babu wutar lantarki. Na lallaɓa cikin duhu zuwa ƙofar kicin inda muke ajiye buta, ban ji komai ba sai da na sunkuya zan ɗauka. Wani wari ya buge ni kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na miƙe, ya ragu. Na sake sunkuyawa, ga shi nan cunkus. Hannuna ya tafi aljihu zan kunna fitilar waya, sai na ji muryarta a bayana: "Don Allah kar ka kunna komai." Ashe ita ma ta farka. Na fita ta ƙofar baya ba takalmi na rufe tukunyar, ta bubbuɗe ƙofofi da tagogi, muka tsaya a tsakar gida muna karkarwa, rabi sanyi rabi tsoro. Sai can na tuna firji na nan a jone. Da an kawo wuta a daren nan, ɗan tartsatsin da yake yi in zai tashi ya isa.

Daga baya na fahimci abin da ya sa sai da na sunkuya na ji. Gas ɗin girki, wato haɗin burofen da butan, ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. In ya tsere ba sama yake yi ba, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru a lungu da magudana. Shi kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama shi. A cikin tukunya ruwa ne, kuma lita ɗaya ta wannan ruwa in ta fito takan zama kusan lita 250 ta iska. Kashi 2 kacal cikin 100 na iskar ɗaki in ya zama gas, to wuta kawai ake jira. Nan ne aikin ruwa da na gas suka raba hanya: famfo in ya yi yoyo bango zai jiƙe ka gani, ka kira mai gyara gobe ko jibi.

Ko sati uku ba a yi ba, ranar 4 ga Janairun 2020, gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha, nan cikin Kaduna. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Shago ne ba kicin ba, amma da na ga hotunan sai da na nemi wuri na zauna.

Wanda ya gyara mana, a wata babbar tashar cika gas mai lasisi na samo shi. A lokacin hukumar kula da albarkatun man fetur, wato DPR, ke ba su lasisi, tun bayan dokar man fetur ta 2021 kuwa aikin ya koma hannun sabuwar hukumar kula da sarrafa mai da gas da rarraba su, wato NMDPRA. Na tambayi manajan wurin wa ke yi musu aikin bututu, ya haɗa ni da wani dattijo. Da ya janye kantar ya ga mahaɗar bai ce uffan ba, ya dai dube ni. Ya kwaɓa ruwan sabulu ya shafa, sai ga kumfa na tasowa kamar ana hura ta. Ya zaro tiyon daga bango ya nuna mini: ya bushe ya tsattsage, siminti ya ci gefe guda. Ya ce, "Malam, robar ruwa ba ta jure gas, cinye ta yake a hankali. Allah ne kawai ya tsare ku."

Yini guda ya yi. Ya sa bututun jan ƙarfe, inda zai ratsa bango ya zura shi cikin wani bututun don kada ya taɓa siminti, ya kafe shi a jikin bango a fili, ba mahaɗa ko ɗaya a ɓoye. Ya sa makulli kusa da murhu, inda hannu zai kai ba tare da an tsallaka wuta ba. Roba ɗan guntu kawai ya bari, ta gas ta ainihi mai rubutu da kwanan wata a jiki, ya matse bakinta biyu da maɗaurin ƙarfe mai noti. Regileta, wato na'urar da ke rage ƙarfin gas a bakin tukunya, wadda aka sa mana tun farko ma ya ce ta manyan murhun masu tuya ce, ta fi ƙarfin murhun gida, ya canza ta. Kafin ya saki gas sai da ya toshe layin, ya hura masa iska, ya jona ma'auni, muka zauna muna kallon allura ko za ta sauka. Ba ta motsa ba.

Batun jar wuta kuwa, ashe murhun ne. Yawancin na Turai an saita su ne don gas ɗin da ake jawowa gidaje ta bututun ƙasa, kuma ramin 'yan nozul ɗinsu, wato 'yan bakunan da gas ke fitowa ta cikinsu, ya fi faɗi. In ka jona su da gas ɗin tukunya sai ya fito fiye da kima, ya ƙi ƙonewa sosai, ya riƙa fitar da kabon monoksaid, gubar nan marar wari da ke kashe masu kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Ciwon kan da na ce hayaƙin mai ne ke nan. Ya sauya nozul ɗin, wuta ta koma shuɗiya tsaf, tana ci ba lilo. Tukunyar kuma ya ce a yi mata keji mai shan iska da rumfa, a tsaye, nesa da kwata da janareta. Ya duba shekarar da aka ƙera ta, ya ce hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, shekara 15 ta yanka wa tukunyar gas.

Kuɗinsa ya ninka na farko sau uku, ban da kaya. Na biya ban nemi ragi ba.

To ku da za ku ba da irin wannan aiki, takarda tana da amfani, ku nemi ganin shaidar inda ya koya, amma kada ku tsaya nan, don takarda ba ta wuyar bugawa a ƙasar nan. Ku tambaye shi gidaje ko gidajen abincin da ya yi wa aiki, ku je ku gani da idonku. Ku tambaye shi wane irin bututu zai sa, kuma da me zai gwada in ya gama. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ke tona asiri. Wanda ya ambaci ma'auni da ruwan sabulu, ku ci gaba da magana. Wanda ya ce hancinsa ya isa, ko ya laluba aljihu neman ashana, ku ba shi kuɗin mota ku rabu lafiya, ko ɗan wanku ne. Gwani ba ya jin haushin tambaya, dattijon nan har daɗi yake ji in na tambaye shi. In gidan haya ne ku sanar da mai gida kafin a huda bango. Ku tsaya a kan aikin da kanku, kuma matar gida ta tsaya, tunda ita za ta yini da shi. A nuna mata makulli, a nuna wa 'yar aiki da duk wanda ke shiga kicin. A tabbatar kowa ya san cewa in an ji wari ba a kunna makunni ba a kuma kashe shi, ba a tayar da janareta, tukunya ake fara rufewa, a buɗe ƙofofi, a fita, sai an yi nisa a kira 'yan kwana-kwana ko 112.

Ƙanin abokina har yanzu shi ke gyara mana famfo, kuma ya iya. Na daure na kai masa guntun tiyon ya gani, ya yi ta salati, ya ce gida uku ya yi wa irin wannan aikin. Tare muka bi su ɗaya bayan ɗaya a ranar.

Uwargida kuwa na ba ta haƙuri a kan zargin da na yi mata. Ba ta ce komai ba sai da sabuwar tukunya ta shiga wata na biyu ba ta ƙare ba. Tana zuba mini shayi ta ce, "Maigida, ka ga na rage danna waya ko?"